Ranar da Mai Tukwane Ta Hau Tsauni

Mai Tukwane ta faɗi ne a bakin ƙofar ɗakinta da rana tsaka, ba tuntuɓe, ba santsi, ba kowa kusa balle a ce shi ya ture ta. Ta fito za ta kori akuya daga kan shanya, sai ga ta a ƙasa tana kallon sama, akuyar kuma na kallonta. Da abin ya tsaya tsakaninta da akuya da shi ke nan, don akuya ba ta da waya. To amma gwiwa ta kumbura, maƙwabta suka gani, kuma maƙwabci in yana da waya a hannu ba ya iya riƙe fitsarin bakinsa. Kafin kumburin ya saɓe, ɗanta ya iso daga birni.

Ita dai tsohuwar nan shekara da shekaru ta yi tana gina tukwane da tuluna, tana kai su kasuwa a ka, har roba ta zo ta kashe sana'ar. Sana'a ta tafi, suna ya zauna. Ɗan nata kuwa aikin ofis yake yi, kowa Akawu yake ce masa, har uwar da ta haife shi. Mutum ne mai tumbi da taushin zuciya, kuma shi kaɗai gare ta.

Ya tsuguna ya gaishe ta, ya dubi gwiwar, ya dubi dokin ƙofar, sannan ya ce, "Inna, haɗa kayanki."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Shi ya sa nake so ki haɗa tun ba a yi ba."

Ta san ɗakin da yake nufi, ta taɓa kwana a ciki. Fanka a sama, banɗaki a gefen kunne, ƙasa na sheƙi kamar an lashe, taga kuma na kallon katangar wani. Mutum sai ya wuni bai ji an yi sallama ba. Surukarta ba ta da laifi, mutuniyar kirki ce, kirkin nata ma shi ne abin tsoro: in tsohuwa ta miƙa hannu za ta ɗauki tsintsiya, sai a riga ta, in ta tashi za ta ɗebi ruwa, sai ta ga kofi a gabanta. Wancan zuwan, kafin ta dawo gida har ta fara manta yadda ake gajiya. A nan kuwa ga kajinta, ga akuyar da ta ga abin kunyarta, ga ɗakin da ita da marigayi suka ɗora wa jinka kafin su samu na kwano.

"Ba inda za ni," in ji ta.

"Inna, in kin faɗi ba kowa fa?"

"Sai in tashi ba kowa. Wancan karon wa ya tashe ni?"

Ana cikin haka Direba ya leƙo ta kan katanga. Ƙanin marigayi ne, tsohon direban babbar mota, gidansa na jikin nata, kuma tun tana amarya ba su taɓa gaisawa ba tare da an yi tsiya ba.

"Matar yaya, ki bi ɗanki mana. Ni ma in huta da tarinki na asuba."

"Tarin nan shi ke tashinka. Ran da ka daina jin sa, da ranka za a binne ka."

Akawu bai yi dariya ba. Ya ce ya ba ta zuwa ƙarshen wata, dama zai dawo da mutanen ofishinsu su yi tafiyar kwari, in sun gama sai ya wuce da ita gaba ɗaya.

Wannan tafiyar kwari kuwa sai an yi bayani, don mai hankali ba zai gane ta da kansa ba. Bayan garin akwai rafi da ya ratsa ta cikin kurmi, da tsohuwar hanyar ƙafa da mutane ke bi zuwa kasuwa kafin a yi titi. Da titi ya zo aka bar wa birai hanyar. Sai ma'aikatan gandun daji suka sassabe ta, suka shafa wa duwatsu fenti, suka ƙara mata wani reshe da ya hau har kan tsauni. Tun daga nan mutanen birni ke zuwa ranar hutu, su ajiye motoci masu lafiya, su kama tafiya a ƙasa. Ba saƙo, ba talla, ba gaisuwar mutuwa. Shi kuwa Akawu, likitansa ne ya sa shi, saboda tumbin.

Mai Tukwane ta ce, "Har ina kuke zuwa?"

"Har kan tsauni. Motoci kan zagaya ta titin baya su jira mu a can."

"Wato akwai titi har can, kuka zaɓi ƙafa."

"Motsa jiki ne, Inna."

"Allah ya ba ku lafiya." Ta murza gwiwa, sannan ta ce, "To ni ma za ni. In na kai kan tsaunin nan da ƙafata, ka bar ni a ɗakina, kada in sake jin zancen haɗa kaya. In na kasa, ko kaza ba zan tsaya kamawa ba, in shiga motarka."

Akawu ya dube ta, ya dubi gwiwar. A ransa ya ce gara haka: ta je ta gani da idonta, gani ya kori ji, ba sai an yi ta jayayya da uwa ba. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: ba ɗauka, ba riƙe hannu, ba jingina da kowa. Ya ce, "Kawu, kai ne shaida."

"Na shaida," in ji Direba daga kan katanga, yana washe baki.

"Shaida ba ya shaida daga kan tabarma," in ji tsohuwa. "Da kai za a je."

Bakin Direba ya rufe a hankali.

Ranar ta zo. Da hantsi aka taru a bakin kurmi, mutanen ofis maza da mata, kowa da hula da jaka kamar za su yi ƙaura. Mai ja musu gaba wata ma'aikaciyar gandun daji ce, doguwa, da usur a wuya, Jagora suke ce mata. Ta karanta dokoki: kowa da takalmi rufaffe, kowa ya goya ruwansa a baya, kowa da sanda, a bi fenti, kada a bi son zuciya. Akawu ya riga ya sayo wa uwarsa komai. Aka cusa mata ƙafa cikin kambas, aka goya mata jaka, aka danƙa mata sandar ƙarfe.

Direba ya ja da baya ya ƙare mata kallo. "Kai, matar yaya! Da yaya zai tashi ya gan ki haka, da ya koma da gudu."

"Kai dai ka ji da numfashinka. Ba a fara ba har kana haki."

Jagora ta matso ta ce, "Iya, in kin gaji ki faɗa, ba abin kunya ba ne."

"'Yar nan, ni na bi hanyar nan tun uwarki ba ta yi wayo ba. Ko an ɗaure mini ido sai in kai ki."

Baki shi ke yanka wuya. Suna shiga kurmin ta ga ba ta san ko'ina ba. Inda ta bar fili ya zama duhuwa, itatuwa sun haɗe kai sama har rana sai ta roƙi hanya. Ƙaton ɓauren da suke hutawa a gindinsa babu shi, ko kututture. Rafin ma ya tashi daga inda ta san shi ya koma wani gefe, kamar mai gudun maƙwabta. Sau ɗaya ta ce, "Nan hagu za a yi," Jagora ta nuna mata fenti a dama, da ladabi, hagun kuwa wani rami ne da zai haɗiye saniya. Daga nan ta kama bakinta.

Wurin da kyau, ba a hana shi. Sanyi na tashi daga ƙasa, ganye na wari irin na bayan ruwa, tsuntsaye na ta surutu, birai na leƙe suna mamakin waɗanda ba su da aikin yi. Mutanen ofis sai tsayawa suke suna ɗaukar hoton gansakuka. Amma Mai Tukwane ba ta ga ko rabin wannan ba, don idonta na kan ƙafafunta. Takalmin ya hana ta jin ƙasa, sai ta ji kamar da ƙafar aro take tafiya. Jakar na jan ta baya, sandar na shiga tsakanin ƙafafu. Ga saiwoyi a kwance ko'ina kamar an shirya mata tarko. Duk taku sai ta duba, duk dubawa sai ta ƙara duƙawa, har ta zama irin tsofaffin da take yi wa dariya. Akawu na biye da ita yana kallon kowane taku. Da ya yi magana ma da ya fi mata sauƙi.

Haka aka lallaɓa har inda hanya ta ratsa rafin. Babu gada. Duwatsu ne aka jera, daga wannan sai ka taka wancan, ruwa na gudu tsakaninsu da kumfa, zurfinsa ya kai cinya. Mutanen ofis suka haye ɗaya bayan ɗaya, ana ihu ana dariya. Direba ya haye da ƙafa biyu da hannu biyu, ya isa can da jiƙaƙƙen wando, yana cewa shi dama mota ya iya. Aka bar tsohuwa da ɗanta da Jagora.

Ta taka dutsen farko. Ta dubi na biyu, sai idonta ya zame ya faɗa kan ruwan. Ruwa na tafiya, sai ta ga kamar dutsen ne ke tafiya da ita. Jiri ya taso mata, irin na bakin ƙofa, jaka ta fizge ta baya, gwiwa ta ce ba da ni ba. Da ƙyar ta mai da ƙafa kan yashi. Ta sake gwadawa, abin ya fi na farko muni. Sai ta samu wani dutse ta zauna, ta dafa sandar.

Can tsallake dariya ta mutu. Ita kuwa ba rafin take gani ba, ɗakin nan take gani mai ƙasa mai sheƙi, da taga mai kallon katanga. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta fara tunanin ko yaron nan gaskiya gare shi.

Akawu ya tsuguna a gabanta. "Inna, ya isa. Wallahi kin yi ƙoƙari, ko ni ban zaci za ki kawo nan ba. Kawo hannu in haye da ke."

Ga hannun nan a buɗe, mai taushi, hannun biro. Ta san in ta kama shi ta kama hanyar birni. Ta dube shi, ta dubi ruwan, tana tambayar kanta: to da can yaya nake yi? Rafin nan, ko ya sauya wuri, ai shi ne. Ta haye shi da ciki, ta haye shi da goyo, ta haye shi yana cike har baki, kuma ba ta tuna ranar da ta taɓa ganin ruwan yana gudu haka ba. Sai abin ya faɗo mata. Ba ta taɓa gani ba don ba ta taɓa dubawa ba. Mai tulu goma a ka ina ta ga halin sunkuyawa? Wuya a miƙe, ido a tsallake, ƙafa ita ke neman hanyarta. Ta shiga lissafin faɗuwar da ta yi a rayuwa, ta bakin ƙofa da ta bayan gida da wata a bikin wata ƙawarta, sai ta ga duk kanta ba kaya.

"Mai da hannunka aljihu," ta ce. "Cire mini wannan abin daga baya."

Ya cire jakar. Ta ɗaga ta, ta taɓe baki. "Wannan ai ko kaza ba za ta ji ta ba. Me ke cikin taka?"

"Ruwa ne, da burodi, da fulas ɗin shayi."

"Fulas mai gilashi a ciki?"

"Inna, na matata ne. Da gargaɗi aka ba ni. In ya fashe sai dai ke ki tafi birnin, ni in zauna a ɗakinki."

"Shi nake so. Kayan da ba ya fashewa ai ba kaya ba ne."

Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa, ta jera gorunan ruwa a ƙasa, jaka a kai, fulas a tsakiya a tsaye, ta ɗaure tam. Ta tuɓe kambas ta rataya a wuya. Ta cire ɗankwalin da ta ɗaura a ƙugu ta naɗe shi gammo. Hannu ya sami abin da ya sani.

Jagora ta ce, "Iya, tsaya. Nauyi a ka, a kan duwatsu masu santsi, ba takalmi? In kin faɗi ni za a tambaya."

"In na faɗi ki ce ban ji magana ba. Kowa zai yarda."

Jagora ta matso kusa. Ta dubi yadda aka ɗaure kayan, ta dubi tsohuwar. Sannan ta naɗe ƙafar wandonta ta shiga ruwan ta ƙasan duwatsun, ta tsaya. "Ba zan taɓa ki ba. Amma in kin taho, a kaina za ki sauka. Kuma kina hayewa za ki mai da takalmi."

"Na ji. Ke kam uwarki ta haifu."

Saura ɗaukar kaya, kuma kaya irin wannan ba a ɗora wa kai shi kaɗai. Ta gyara gammo, ta ɗan rusuna, ta ce, "Akawu, aza mini."

Bai motsa ba. "An ce ba taimako."

"An ce ba ɗauka, ba riƙo, ba jingina. Tambayi shaida."

Direba na can tsallake yana matse wando. Ya ɗaga murya: "Aza kaya ba riƙo ba ne! Ko a tasha, mai lodi daban, fasinja daban! Ɗana, aza mata, in ta faɗa ruwa mu huta gaba ɗaya!"

Akawu ya rage murya yadda su biyu kawai za su ji. "Inna, kin san abin da kike sa ni? In na aza miki, da hannuna na kada kaina."

"Da kana yaro wa ke aza mini? Har turmi kake hawa don ka kai. Lokacin ba ka yi mini lissafi ba."

"Lokacin ba ki faɗi a bakin ƙofa ba."

"To ka bar shi. In ɗauka da kaina, in ƙarasa gwiwar."

Ya daɗe yana kallon ƙullin nan. Sannan ya sunkuya, tumbi da komai, ya ɗaga, ya ɗora mata a kan gammo. Bai saki nan da nan ba. Ya ɗan juya kayan zuwa hagu, ba wanda ya gaya masa, don hannunsa bai manta ta inda wuyan uwarsa ya fi ƙarfi ba.

"Ya zauna?"

"Ya zauna. Saki."

Nauyin na sauka, sai bayan tsohuwa ya miƙe kamar an zare masa ƙulli. Haɓa ta tashi. Ta zaɓi wata bishiya mai farin ɓawo a tsallake ta kafa mata ido. Sandar ƙarfe kuwa tana nan kwance a yashi, tsohuwa ba ta ko tuna da ita ba.

Ƙafa ta fita neman dutse. Yatsu suka lalubo shi, suka ji inda gansakuka take suka kauce, suka kama inda yake da kaushi. Ɗaya ƙafar ta biyo. Ruwa na ta haukansa a ƙasa, ba ta san yana yi ba, hankalinta duk yana kan fulas ɗin surukarta. Dutsen tsakiya ashe yana girgiɗi, shi ne ya jiƙa wa Direba wando. Tana takawa ya karkata. Wata daga cikin matan ofis ta yi salati, Jagora ta buɗe hannuwa. Ƙugun tsohuwa ya tafi dama, kafaɗa ta tafi hagu, kayan da ke sama ko gezau, kamar a kan tebur suke. Ta tsaya nan har dutsen ya gama shawara, sannan ta wuce. Sai ga ta a kan yashin tsallake.

Ihu ya tashi har birai suka watse. Direba ya manta da kansa ya ce, "Kai! Yaya ya iya zaɓe!" sannan ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Sa'a ce dai."

Akawu ya hayo a baya, da sandarta a hannu, yana share ido wai ruwa ne ya fantsar masa. Ya ce a sauke mata kayan ta huta.

"Kada wanda ya taɓa. Ba a sauke kaya a gindin hawa, in an sauke ba ya komawa."

Ta zauna a bakin wani dutse, wuya a miƙe, ta zura ƙafa cikin kambas, Jagora ta ɗaure mata igiya. Gaba kaɗan, da suka shiga wurin ƙaya, ta yarda a ranta cewa takalmin ba wawa ya yi shi ba, amma ba ta faɗa wa kowa ba.

Kada a yi ƙarya, hawan nan ya ba ta wuya. Rafi ya san ta, tsauni bai san ta ba. Hanya ta miƙe sama tana lanƙwasa, kurmi ya rage, rana ta samu ƙofa. Gwiwa ta fara magana, daga magana ta koma zagi. Mutanen ofis suka yi gaba, har Direba ya wuce, yana tafe yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro motsa jiki. Ita kuwa ta koma tafiyar masu talla, ba sauri ba tsayawa, in numfashi ya ƙare ta tsaya a tsaye, ta dafa bishiya da yatsa biyu, ta ce bishiya ba ta cikin sharaɗi. Yanzu da kanta ke sama ta ga abin da ta rasa da safe: kwarin na buɗewa a gefenta, rafin na ƙyalli can ƙasa kamar an yar da zare, wani tsuntsu mai jan ciki yana bin su daga reshe zuwa reshe.

Akawu na bayanta, hannuwa a buɗe kamar mai bin yaro mai koyon tafiya.

Ba ta waiwaya ba, mai kaya ba ya waiwaye. Ta ce, "Sauke hannuwan nan, ina jin su a bayana."

"Ban taɓa ki ba."

"Saura kaɗan. Kuma ka rage haki, kana firgita tsuntsaye."

Ita ce ta ƙarshe da ta isa, in ban da ɗanta. Kan tsaunin fili ne da benci da 'yar rumfa, motoci na jira a gefe. Tana bayyana da ƙullinta a ka, gumi har haɓa, mutanen ofis suka miƙe suna tafi, Jagora ta busa usur. Mai Tukwane ta dube su ta ce, "Me aka yi? Amarya aka kawo?" Amma ta ɗan ƙara taku biyu da ba a buƙata, don kowa ya gani da kyau.

Sannan ta ce, "Akawu, sauke mini."

Ya sauke. Ta zauna a benci, ta miƙe ƙafa, gwiwar ta yi suntum. Direba na kwance a ƙasa rigingine, hula a fuska. Aka taɓa shi da ƙafa aka ce shaida ya faɗi abin da ya gani.

"Na shaida," ya ce daga ƙarƙashin hula. "Ta kai. Ni ne ban tabbata na kai ba."

Akawu ya zauna kusa da uwarsa, ya zuba mata shayi. Ya daɗe yana juya murfin fulas a hannu.

"Shi ke nan, Inna. Ki zauna a ɗakinki. Na faɗa, ba zan tashe shi ba." Ya ajiye murfin. "Abu ɗaya nake roƙo, ba sharaɗi ba ne. In jirin nan ya sake zuwa, in ji daga bakinki. Kada in ji a bakin maƙwabta."

Ta kurɓi shayi. Ta so ta ba shi amsa mai ƙaiƙayi, tana da su da yawa a ajiye, sai ta ga yadda ya tsufa ta gefen kunne, furfura ta fito masa ba ta lura ba.

"Za ka ji," ta ce. "Kuma komawa a mota zan koma. Na gama da ƙafa yau, ba ni da tumbin da zan rage."

Jagora ta zo ta ce, "Iya, juyo ki ga inda kika fito." Aka juyo da ita a kan bencin. Duk kwarin na shimfiɗe a ƙasa, kurmi kore shar, bayansa gonaki, bayan gonaki garin, ƙanana-ƙananan rufi kamar an baza faifai. Duk tsawon zamanta a duniya ba ta taɓa ganin garin daga sama ba, don ba a kai tukwane kan tsauni, ba mai saye. Ta ƙanƙance ido tana bin gidajen ɗaya-ɗaya.

"Wancan na kusa da doguwar bishiya, mai jan tsatsa a gefe kamar an ƙona shi, gidan wane malalaci ne?"

Akawu ya duba. "Naki ne, Inna."

Ta sake duban rufin kwanon da kyau.

"To. Tun da ina nan, sai ka turo kafinta kafin ruwa ya sauka."

"Inna, yanzu-yanzu fa aka kada ni. Ko shayi ban sha ba."

"Ba duka za a sauya ba, kada ka tsorata. Gefen gabas kawai." Ta miƙa masa kofi ya ƙara mata. "Na yamma zai kai ni wasu 'yan shekaru, sai mu ga abin da za a yi da shi."